Bel ɗin da na kawo wa Baba daga Sudan

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. Idan yana son ruwa kuma ni kaɗai ne a tsakar gida, sai ya ɗaga murya ya ce, "Wai babu kowa ne a gidan nan?" Idan na yi laifi, ƙaninsa ake kira ya hukunta ni. Idan na yi abin kirki, sai ya kau da kai. Daga baya na zauna da Yarabawa a Ibadan, na ga ana kiran uba da sunan ɗansa na fari yana amsawa da fara'a. Na zauna da mutanen Sudan, na ga tsoho ya rungume ƙaton ɗansa a tasha yana hawaye a gaban kowa. Mu a wajenmu wannan abin kunya ne. Ban taɓa ganin laifin al'adar ba, amma na girma da wata ƙishirwa da ban san sunanta ba.

Ina saurayi na bar gida na shiga aikin mota. Na ɗauko goro daga Kumasi, na kai shanu Ibadan, daga baya na koma jigilar alhazan ƙasa ta hanyar Chadi zuwa Sudan. Ina can labari ya iske ni cewa an tare ruwa a Tiga, garinmu yana cikin waɗanda aka tayar. Da na samu hali sai na kamo hanyar gida. Na sauka a Kwanar Dangora da tsakiyar rani, sai da na yi tambaya kafin na gane inda aka kai mutanenmu.

Sabon garin a kan tudu yake, gidaje a jere kamar bariki, babu inuwar kirki ko ɗaya. Gonar Baba ta gado, wadda ke bakin fadama, tana ƙarƙashin ruwa. A madadinta an auna masa wani fili mai jar ƙasa da tsakuwa, cike da kututture, an ba shi takarda. Inna ce ta gaya mini, tana kallon ƙwaryar da take wankewa maimakon fuskata, cewa ya hana kowa taɓa filin. Ya ce gonar da aka ba mutum a takarda ba ta zama tasa ba sai ya yi mata huɗar farko da hannunsa, ya ci abin da ta fitar. Tun da suka tashi daga tsohon gari babu abin da yake jira sai damina.

Tsarabar da na kawo masa bel ne irin na alhazai, na fata, mai faɗi kamar tafin hannu, da aljihu biyu masu maɓalli da ƙaton ƙarfe a gaba. Ta hannun Inna na aika masa, kamar yadda ya dace. Bai ce komai ba, ni ma ban sa rai ba. Kwana uku bayan haka yana alwala a ƙofar gida, ya tattare rigarsa, sai na hango bel ɗin a ƙugunsa. Na zagaya bayan gida na zauna a kan turmi, na daɗe ban tashi ba. Shekarata talatin da wani abu a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da na ga alamar cewa wani abu nawa ya isa wajensa.

Akwai taubashinsa, wanzami, wanda muke kira Baffa. Mahaifin Baffa da kakarmu, mahaifiyar Baba, uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka Baba ne ɗan mace, kuma Baffa ba ya barin ya manta da haka. Shi kaɗai ne a duniya yake iya faɗa wa Baba duk abin da ya zo bakinsa.

"Kai bawana," in ji shi ranar da ya fara ganin bel ɗin, "yaushe aka ɗauke ka ɗan doka ba a gaya mini ba?"

"Hassada ce ke cinka," in ji Baba. "Kai da igiyar guga kake ɗaure wandonka."

"Igiyar guga ba ta hana ni numfashi. Dube ka, kamar an ɗaure buhun gero a tsakiya."

Baba siririn mutum ne, bel ɗin kuwa an yi shi ne don masu jiki. Da ya ga yana zamewa idan ya sunkuya, sai ya ɗauki basilla ya ƙara huda biyu, ya matse shi tam. A aljihun dama ya sa takardar gonar da makullin ɗakinsa na tsohon gari, ɗakin da kifi ke kwana a ciki yanzu. Aljihun ya zauna daidai kan ƙashin ƙugunsa. Da shi yake sassabe, da shi yake tonon kututture tun daga fitowar rana har azahar, Inna ta ce da shi ma yake kwana don tsoron kada takardar ta ɓata.

Bazara ta kama lokacin da ya fara ɗingishi kaɗan. Wata rana da hantsi ina gyaran zanan ƙofar gida, su kuma suna zaune a rumfa, na ji yana yi wa Baffa bayani. Ya ce cinyarsa ta dama ta sage daga sama, ta gefen waje. Ya zana wurin da yatsa a kan wandonsa, faɗinsa kamar ƙaramin faifai. Ya ce ko ya mintsini wurin ba ya ji, kamar fatar wani ce aka ɗinka masa, amma kuma ta ciki yana jin tafiyar kiyashi, wani lokaci zugi kamar an shafa barkono. Idan ya daɗe a tsaye abin ya ƙaru, idan ya zauna ya lafa.

Hannuna ya tsaya a kan zanan. Na san wannan ciwo kamar yadda na san sunana, don na yi shi.

Shekaru kafin nan, a Kumasi, na yi ƙiba saboda zaman mota da cin sakwara, ga shi ina son gayu, ina matse wando da bel. Sai cinyata ta sage daidai wurin da Baba ya zana. Na tsorata, na ɗauka shanyewar jiki ce ta fara. Likitan da na gani ya sa na ɗaga ƙafa, na tura hannunsa da ita, ya ga ƙarfinta na nan. Sai ya danna yatsa a gefen ƙashin ƙuguna, na ji abin ya tsarga har gwiwa. Ya ce akwai wata siririyar jijiya da ke fitowa daga ciki ta bi ta nan, aikinta kawai ta kai wa fatar cinya ji. Idan aka danne ta kullum, da bel ko da tumbi ko da kayan da aka rataya a ƙugu, sai ta yi fushi. Bai ba ni allura ba. Ya ce in sassauta bel, in rage tumbi, in riƙa tsayawa a hanya ina miƙe ƙafa. Na koma sa wando mai zariya, cikin wata biyu na manta da zancen.

Don haka a ranar nan, a bakin zanan nan, na riga na san abin da ke damun mahaifina, na kuma san maganinsa. Kalma huɗu ce: a cire bel ɗin.

Na gaya wa kaina cewa ɗa ba ya magana a kan ƙugun ubansa, balle ɗan fari. Gaskiya ne. Amma ga Baffa nan, da na ja shi gefe na faɗa masa, da kafin la'asar ya gama da zancen cikin raha. Abin da ya hana ni daban ne, kuma sai da na tsufa na iya faɗinsa. Ba na so ya cire. Kullum da safe idan ya fito zai tafi gona, idona kan tudun da bel ɗin ya yi a ƙarƙashin rigarsa yake fara sauka. Na ce a raina ciwon ba ya kisa, ƙila ma ya saba ya daina ji.

Mutane kuwa kowa da abin da ya gani. Wasu suka ce sanyin tafkin ne, tun da aka tara ruwan nan jikin tsofaffi bai ƙara daidai ba. Wasu suka yi ƙasa da murya suka ce kaburburan da aka bari a ƙarƙashin ruwa ne. Inna tsoronta shanyewar ɓarin jiki, domin da haka ciwon mahaifinta ya fara. Aka karɓo rubutu. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ba da man shanu a shafa. Baffa ya yi masa ƙaho sau biyu, jini ya fita baƙi, aka ce ga ciwon nan ya fito, washegari kiyashin suka dawo. Duk lokacin da za a yi magani, ƙafar wandon kawai ake naɗewa zuwa sama. Babu wanda ya taɓa ɗaga rigar dattijo ya ga ƙugunsa. Ni kuma ranar kasuwar Tudun Wada na je na sayo man zafi na kawo, aka yi ta sa mini albarka.

Sau ɗaya na gwada, shi ma rabi da rabi. Na ce wa Inna, "Zafin nan da ake yi, da ya riƙa cire bel ɗin yana shan iska."

Ta ce, "Takardar gonarsa ce a ciki." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ka san wanda ya kawo."

Na tashi ina jin daɗi, Allah ya yafe mini.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, hankalin Baba ya tashi. Ya ce wa Baffa ko me zai yi ya yi, shi dai yana so ya riƙe garma ranar da ruwa ya sauka. Baffa ya ce saura abu ɗaya, gashi da dutse, don naman da ya yi barci zafi ne ke tashinsa. Wata safiya aka hura wuta a bayan rumfa, aka sa ɗan dutsen niƙa a cikin garwashi. Ni na yi fifitar wutar.

Baffa ya naɗe dutsen a tsumma ya ɗora a cinyar.

"Ka ji?"

"Ban ji komai ba. Wannan wutar taka irin ta tsofaffin mata ce."

"To bari mu gani, bawan banza." Ya rage tsumman. "Yanzu fa?"

"Kai dai ka tsufa, hannunka ma ba ƙarfi. Cire ƙyallen gaba ɗaya ka danna."

Ina tsaye da maficin a hannuna. Na san fatar ba za ta gaya masa komai ba, na san wuta ba ta damu da ko mutum yana ji ko ba ya ji ba. Bakina ya buɗe. Kafin in haɗa maganar da zan iya faɗa a gaban mahaifina ba tare da na yi rashin kunya ba, Baffa ya danna. Baba yana ta dariya yana cewa yanzu ne ya fara jin ɗumi-ɗumi. Ƙauri ne ya fara zuwa mana, irin na babbakar ƙafar sa. Da Baffa ya ɗaga dutsen, fatar ta biyo shi.

Kwana huɗu bayan haka ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse, kowa ya nufi gonarsa da iri a ƙwarya. Baba yana kwance, ciwon ya ruru, zazzaɓi ya rufe shi, ƙudaje sun hana shi sakat. Ranar kasuwa na roƙi wani direba da na sani, muka kwantar da shi a kan buhuna muka kai shi asibitin sha-ka-tafi a Tudun Wada.

Malamin asibitin mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ne tafinta. Shi ba ruwansa da kunyarmu. Ya ɗaga rigar Baba har ƙirji, ya kwance bel ɗin. A ƙarƙashinsa fatar ta yi baƙin kwari zagaye da ƙugu, kamar wuyan jakin da igiya ta ci, ga shaidar makulli a kan ƙashi. Ya dube ni ya tambaya da Turanci tun yaushe tsohon yake ɗaure da wannan abu. Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce ai wannan ne ya kashe masa cinyar tun farko, da an cire shi da babu abin da zai kai ga wuta. Ya ce in gaya wa Baba.

Baba yana kallon bango, yana jira. Na ce, "Ya ce a ajiye bel ɗin har ciwon ya warke."

Ciwon ya ci kusan wata biyu. Ni da ƙannena muka shuka gonar, muka yi huɗar, muka yi maimai. Hannuna na direba ya yi kanta ya fashe, na ji daɗin zafin, kamar yana rage mini wani abu. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki, idan muka dawo da yamma ba ya tambayar yadda dawa take. Da Inna ta ce masa gonarsa ta yi kyau, sai ya ce, "Gonar yaran dai."

Bel ɗin yana rataye a ƙusa, cinyar kuwa tana farfaɗowa a hankali. Kiyashin suka ragu, zugin ya tafi, wata rana ya mintsini gefen tabon ya ce ya ji. Nan take gari ya ɗauka cewa wutar Baffa ce ta yi aiki. Baffa, wanda tun ranar dutsen ba ya iya haɗa ido da Inna, ya dawo da bakinsa.

"Na gasa ka kamar tsire, ga shi ka tashi. Ina tukuicina?"

"Tukuicinka shi ne ban kai ka gaban alƙali ba."

A zaman nan ne na ji Baffa yana cewa akwai wani masunci da cinyarsa ta sage, ya aiko a yi masa irin na Baba. A zaman nan kuma Baba ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa bel ɗinsa, ya gaji da zama kamar mara ƙugu.

Da Baffa ya tashi tafiya na bi shi. Sai da muka wuce gidaje na durƙusa a gabansa a kan hanya na faɗa masa duka: Kumasi, da likitan, da ranar da nake gyaran zana, da abin da malamin asibiti ya ce na haɗiye. Ban taɓa ganin fuskarsa babu wasa ba sai ranar.

Ya ce, "Ranar da kake yi mini fifita, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Baffa."

"Ka bar ni na ƙona ɗan'uwana da hannuna."

Ya tambaye ni dalili. Na ce ban taɓa ba Baba abu ya riƙe ba sai wannan. Ya dube ni ya ce, "Duk yawon duniyar da ka yi, da duk harsunan da ke bakinka, ba ka samo wanda za ka yi wa ubanka magana da shi ba." Ya juya ya koma gidanmu. Na biyo shi daga nesa na tsaya a bayan zana.

Na ji ya ce, "Kai bawana, kawo abin nan. Ba wutata ce ta warkar da kai ba, cire wannan ne. Shi ya danne maka jijiya tun farko. Malamin asibiti ya faɗa, mutumin Sudan ne bai juya maka maganar duka ba."

Sannan Baba ya ce, "Ya sani ke nan."

"Ya sani."

"Tun kafin ruwa?"

"Tun kafin ruwa."

Bayan ɗan lokaci na ji ƙarar maɓallin aljihu, Baba yana fitar da takardarsa da makullinsa.

Masuncin bai sha wuta ba. Baffa ya je ya tarar da shi da guru biyu da igiyar wuƙa a ɗaure a ƙugu, ya sa ya sassauta, ya warke. Tun daga lokacin ni ma bakina ya buɗe, har ya yi yawa. Na ga ciwon a wajen masu haƙar kuza a Riruwai da ke rataya kayan aiki a ƙugu, na gan shi a wajen 'yan kasuwa masu tumbi, matata ma ta yi shi da cikinta na uku, ya tafi bayan ta haihu. Duk wanda ya zana mini wurin nan a cinyarsa, tambayata ta farko me yake ɗaurawa. Idan kuma ya ce ƙafar ba ta da ƙarfi, ko bayansa na ciwo, ko yana da ciwon suga, sai in ce wannan ya fi ƙarfina, ya tafi asibiti, kuma kada ya bari a kusantar da wuta inda ba ya ji. Baƙi a tasha na gaya wa wannan, mutanen da ban san sunansu ba. Abu ne mai sauƙin faɗa.

Baba bai ƙara riƙe garma yadda ya saba ba. Tabon ya ɗaure naman, idan ya sunkuya sai ya ja shi. Dawar da muka girbe a shekarar ya ci, don babu wata, amma ya bar wa ƙannena filin, bai ƙara taka shi ba sai in wucewa zai yi. Ya koma zama a bakin tafki yana gyara wa masunta koma, sana'ar da a da yake yi wa dariya.

Bayan kaka na shirya komawa bakin aikina. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ce zan tafi. Na yi niyyar in nemi gafara, na kwana biyu ina shirya kalmomin. Ya ce wa bango, "Allah ya kiyaye hanya." Na ce amin, na tashi.

Inna ce ta rako ni har bakin gari. Da za mu rabu ta gyara mayafinta ta ce, "Ya ce in gaya maka, in za a sake kawo tsaraba, a kawo hula."

Na kawo masa hula duk zuwan da na yi har ya rasu. Yana sa kowacce ranar Juma'ar farko, ya je masallaci ya dawo, sannan ya ba Baffa. Gafarar ban taɓa nema da bakina ba, shi ma bai taɓa ba ni hanyar da zan nema ba.